Karan Awon Takalmi

Duk kaka, idan gero ya sunkuyar da kai, zauren gidanmu na Karare yakan cika da baƙi. Tun da aka kawo ni gidan daga Tsaskiya nake dafa musu abinci, har na aurar da 'yata ta fari ina dafawa. Mutanen Nijar ne, suna ƙetaro iyaka ta hanyoyin daji, ba takarda ba kati, daga su sai buhu a kafaɗa da doguwar hauyar nan tasu da ake noma da ita a tsaye. Mu kuwa har yau da bakin kakanninmu muke kiransu, wai 'yan Faransa. Kowannensu ɗan Faransa ne. In ana son bambantawa sai a jingina mutum da gidan da yake kwana, a ce ɗan Faransan gidan liman, ko ɗan Faransan gidan mai nama. Namu ana ce masa ɗan Faransan gidan tsamiya, saboda tsamiyar da ke ƙofar gidanmu.

Kada wani ya ɗauka taimakonsu muke yi. Mu ne masu buƙata. Samarin garinmu da zarar gemu ya fara tsiro musu sai Legas acaba, sai Abuja aikin gini, sai ramin zinariya. Waɗanda suka rage kuwa, in ka kira su ƙwadago, sai rana ta take su iso suna miƙa, azahar na yi su karkaɗe riga, ga ɗan karen tsada. Ɗan Faransa yana idar da sallar asuba yana bakin gona, abin da aka ba shi ya karɓa ya yi godiya, don ba shi da inda zai kai ƙara. Samarinmu na jin haushinsu, suna cewa sun karya farashin ƙwadago. Ba ƙarya suka yi ba, an karya shi, kuma a rumbunanmu ribar take sauka. Geron da ake lodawa a kasuwar Batsari ana kaiwa Katsina da Kano, da yawansa hannun baƙin nan ne ya yanke shi ya ɗaure dami.

Namu dogo ne, baƙi, da zane a kumatu, ga yawan dariya. Sau biyu yake zuwa a shekara: ya zo noman farko, ya koma ya duba tasa gonar, sannan ya dawo da kaka. Ban taɓa zama da shi ba, ni matar aure ce shi kuma baƙo namiji. Hirarmu ta bakin zaure ce, ina ciki yana waje, kwanon tuwo ne ke shiga tsakaninmu. Kuma ba ya maido kwano bai tsokane ni ba.

"Uwar gida," yakan ce, "miyar ga ta yau ta yi sanyi. Halan tonka ta yi tsada?" Barkono yake nufi.

"Ji mani mutum!" nakan ce. "Ku a garinku wuta kuke ci? To gobe sai ka zo ka kaɗa da kanka."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya suɗe kwanon tas. Ba abin da bai sani ba na gidanmu. Ya san saniyar da ke harbi in za a tatse ta, ya san wanda ke gudun makaranta cikin 'ya'yana. Ranar da autana ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannu, shi ya saɓo shi a kafaɗa tun daga fadama har wajen mai ɗori.

Wata rana ina share zaure bayan sun tafi gona sai na ga wasu gutattsarin kara a kan katanga, an ɗaure su da tsumma. Na kwashe abina zan hura wuta. Ashe ya dawo ɗaukar gora. Ai kuwa sai na ji ihu a bayana.

"Uwar gida, tsaya! Ƙahwahun ɗiyana za ki ƙona!"

Na saki karan na dafe ƙirji. Da ya gama dariya sai ya yi mini bayani. Duk safiyar da zai baro gida da kaka, matarsa takan tsayar da yaran a ƙasa, ta auna tafin ƙafar kowanne da karan gero, ta ƙara faɗin yatsa ɗaya saboda girman da za su yi kafin ya koma, sannan ta yanke. In an gama girbi sai ya shiga kasuwar Batsari da karan a aljihu, yana zura su cikin takalman roba har ya sami wanda ya yi daidai. Daga ranar ni ke ajiye masa karan a ɗakina, kada yara ko awaki su taɓa. Da kara biyu na fara, suka zama uku. Ina ganin suna ƙara tsawo kaka bayan kaka, har nakan ce masa babban nan ya kusa kamo ka. Na san tsawon ƙafar 'ya'yansa sarai, amma ban san sunan ko ɗaya ba, ban kuma san sunan garin da suke taka ƙasarsa ba.

Wanda bai san mu ba zai ce rashin kula ne kawai. Akwai shi, ba zan ɓoye ba, amma akwai tarbiyya a ciki. An koya mana cewa titsiye baƙo da tambaya rashin kunya ne, kamar kana gaya masa ya daɗe. Su ma ba sa son tambayar. Wanda ya shigo ƙasa ba takarda, duk mai son sanin garinsu abin tsoro ne a wurinsa. Sau ɗaya maigidana ya taɓa ce masa, "Wai kai ina ne gida?" Ya nuna arewa da haɓa ya ce, "Can bayan Maraɗi kaɗan," ya kawo zancen taki. Shi ke nan aka bar maganar, kowa ya ji daɗi.

Na tuna wata la'asar maigidan yana sauraron rediyo a tsakar gida ina daka. Aka kawo labarin mutanen Meksiko da ke shiga Amurka ba takarda, su ne ke tsinkar musu kayan lambu, su yi musu gini, su wanke musu kwanoni, amma in an bushi iska a kama su a mayar. Maigidan ya girgiza kai.

"Kai, mutanen nan ba su da imani. Mutum ya noma maka abinci sannan ka kore shi?"

Na tsayar da taɓarya na ce, "To Malam, ai mu ma ga namu 'yan Meksikon can a zaure."

"Mu mun kori wani?" ya ce. "Ba tuwonmu suke ci ba? Ba sahu ɗaya muke sallah ba?"

Na ga gaskiyarsa, na ci gaba da dakana. A lokacin ina jin mun fi Amurkawa nesa ba kusa ba.

Sai 'yan bindiga suka addabi ƙasarmu. Gonakin da ke nesa da gari suka zama abin tsoro, kuma babbar gonarmu tana can ta hanyar Yasore, kusa da bakin daji. Samarin gari ko nawa za ka ba su ba sa zuwa. 'Ya'yana maza kuwa ni da bakina na hana su, na ce ko gyaɗar za ta ruɓe a ƙasa ba mai taka wajen. Ban ce haka game da ɗan Faransa ba. Kowa cewa yake ai su ba a ɗaukarsu, tunda an san ba mai biyan fansarsu. Da wannan maganar muka kwantar da hankalinmu muka ci gaba da tura su.

A shekarun ne mai gari ya sa aka yi shela cewa duk mai baƙo ya kai shi a san da zamansa, saboda masu kai wa ɓarayi rahoto. Maigidan ya yi ta juya abin. In ya kai shi, za a tambayi kati. Ba kati, sai a miƙa shi gaba, kuma mutumin da aka miƙa gaba a wannan zamanin Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa. Sai ya ce mini, "Ki ja bakinki. Kuma kada ki tambaye shi komai, abin da ba ki sani ba ba mai matsa maki ki faɗa." Don kare shi muka yi, da zuciya ɗaya. Ko waya ba shi da ita, don layinsu ba ya kamawa a nan, namu kuma ba a bayarwa sai da katin ɗan ƙasa.

Kakarsa ta ƙarshe shi kaɗai ya zo. Abokan tafiyarsa na da duk sun ƙi, ga iyaka a rufe, ga naira ta faɗi, in sun canza ta ba ta zama komai a can. Na ce masa, "Kai ba ka jin tsoro?" Ya miƙo mini karan nan uku ta bakin zaure ya ce, "Waɗanga ba su san tsoro ba, uwar gida, tuwo suka sani."

Ba ɗan bindiga ne ya taɓa shi ba. Ana cirar gyaɗa, da hantsi, ya sa hannu ƙarƙashin tarin harawa, kububuwa ta sare shi. Wani maƙwabcin gona ya goyo shi a babur. Maigidan ya ce a wuce asibitin Batsari, amma hanyar duk shingaye ne, kowane shinge kuma sai an tambayi baƙo daga ina. Ina jin muryarsa daga zaure.

"Maigida, don Allah kada ka kai ni inda za a tambaye ni kati. Ka kira mai magani, zan tashi."

Aka kira mai maganin maciji, ya tsaga, ya shafa, ya ba shi na sha. Kwana biyu yana kwance a zaure, hannun ya kumbura, jini na fita ta dasashinsa, amma da hankalinsa, yana magana. Ina dama masa kunu tunanin ya zo mini: a tambaye shi garinsu mana, ko da wani abu. Sai na ji kunyar kaina. A wurinmu ba a yi wa mara lafiya irin wannan tambayar, don daidai take da ka ce masa ka fid da rai da shi. Sannu ake cewa, a ce jiki ya yi kyau, a ce gobe war haka kana gona. Duk wanda ya shiga zauren abin da ya faɗa ke nan. Daga baya na gane ba ni kaɗai tambayar ta zo wa ba, maigidan ma ta zo masa, liman ma haka, kowa ya haɗiye tasa saboda ladabi. Da jikin ya ƙi, aka daina jin ta bakinsa aka nemo mota. Bai kai Batsari ba.

An yi masa sutura yadda ake yi wa ɗan gari, wannan kam ba mu gaza ba. Mutane sun cika sahu. Bayan an dawo daga maƙabarta maza suka zauna gindin tsamiya, mu mata muna ciki muna jiyo su. Liman ya ce, "To, sai a aika wa iyalinsa. Ɗan wane gari ne?" Maigidan ya ce ai ya ɗauka mai shayi ya sani, tunda can yake hira. Mai shayi ya ce shi ya ɗauka maigidan ya sani, tunda a gidansa yake kwana. Aka kira sauran 'yan Faransan garin, suka ce su daga wani yanki suke, a nan suka san shi, kuma su ma da ɗan gidan tsamiya suke kiransa. Sunan yanka ma sai da aka yi gardama, wannan ya ce kaza ya taɓa ji, wancan ya ce a'a. Wanzami ya ce zanen fuskarsa ya nuna ƙabilarsa, amma masu irin zanen sun cika ƙasa guda.

A buhunsa ba komai sai riga, bargo, ɗan butar shayi da turmin atamfa da ya riga ya saya wa matarsa. Na haɗa da karan nan uku na ɗaure na sa a ƙarƙashin gadona. Hakkinsa na aiki maigidan ya keɓe, wannan bai dame ni ba. Matar ce ta tsaya mini a rai.

Ina yarinya na ga takabar mahaifiyata a Tsaskiya. Wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba ɗan kunne, ba fita sai da lalura. A lokacin ina ganin wahala ce. Da na girma na gane ita ce hidima ta ƙarshe da mace ke yi wa mijinta, kuma ita ce ƙofar da take bi ta fita daga auren da mutuncinta. Ga wata can bayan Maraɗi, mijinta na kwance a maƙabartar Karare, ita ba ta sani ba. Ba za ta yi masa takaba ba, ba za ta iya wani aure ba, ba za ta san abin da za ta gaya wa yara ba. Duk ranar da na tsuguna ɗauko wani abu a ƙarƙashin gado na ga ƙullin nan sai in tuna da ita.

Na hana maigidan sakat. Ya je kasuwar Jibiya ya bi rumfunan mutanen Nijar yana kwatance: dogo, baƙi, mai zane, mai dariya, yana da 'ya'ya uku. Suka ce masa, Alhaji, ai rabin ƙasarmu ka kwatanta. Ya bar saƙo wajen direbobi da masu awon hatsi. Da ya dawo na ce ya koma, ya ce in na fi shi iyawa ga hanya nan. Muka yi kwanaki ba ma shiri. Ni kuwa na san masifar da nake yi masa rabinta da kaina nake. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Aka sami wani ɗan Faransan ya maye gurbin, ya zo ba hauya, maigidan ya ɗauko ta mamacin ya ba shi. Gona ba ta jira, haka muka ce.

Bayan kaka ta biyu, lokacin da matan Nijar ke shigowa ɓarar gyaɗa da sussuka, wata rana da hantsi ina shiƙa sai na ji sallama. Wata mace ce siririya, da ƙulli a kai, idonta raɗau da kwalli, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya.

"Nan ne gidan tsamiya?"

Na ce nan ne, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa da fura. Muka gaisa, ina gajiya, ina mutanen gida, ya hanya. Ta sha ruwan ta dube ni da ɗan murmushi.

"Ke ce uwar gida mai miyar da ba tonka."

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Ina wanda ya hwaɗo bisa jaki? Hannun ya miƙe dai? Saniyar ga mai harbi tana nan ko kun sai da ta? Ɗiyarki da anka kai Safana ta haihu?"

Ɗaya bayan ɗaya ta bi gidana tana tambaya, har da sunayen 'ya'yana, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe duk rani in ya koma labarinmu yake ba su. Har hanyar ya kwatanta mata tun da daɗewa: in kin sauka kasuwar Batsari ki tambayi Karare, in kin iso ki nemi tsamiya. Na zauna ina amsawa da ƙyar.

Sai ta gyara zama, murmushin ya tafi.

"Yaya, ni ban zo hwaɗa ba. Na ga hauyarshi jingine cikin zaure, na san yana garin ga. Ku ce mishi shi hito. In aure ya yi nan, Allah shi ba su zaman lahiya. Ni dai shi sake ni in san matsayina. Damana biyu ke nan, ni ba matar aure ba ni ba zawara ba."

Ta ce da farko ta jira. Da rani ya raba ba labari, ta roƙi masu zuwa ci-rani su duba mata, amma kowa na tsoron hanyar Batsari. Wani ya dawo ya ce ya ji an gan shi a Kano yana tura baro, wani ya ce an ce ya yi mata. Mijin ba shi da ɗan'uwa namiji da zai biyo sawu, sai tsohuwa da ba ta gani sosai. Malaman garinsu sun ce mata ba a raba aure da jita-jita. Shi ne ta sayar da akuyarta ta biyo matan sussuka.

Na tashi na shiga ɗaki na jawo ƙullin na ajiye a gabanta. Ta kwance. Ta ga atamfa ba ta taɓa ba. Karan ta ɗauka, ta jera su a tafin hannunta.

"Ni na yanke su," ta ce. "Bai sai takalman ba?"

"Bai kai ga saye ba."

Ta ɗago ta dube ni. Na ce mata, "Sai haƙuri, 'yar'uwa. Allah ya yi mashi rasuwa tun kakar da ya zo da waɗannan. Maciji ne. Mun nemi inda za mu aika, ba mu san garinku ba."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta maimaita, ta maimaita, karan na hannunta. Ni ce na fashe da kuka, har ta koma tana ba ni haƙuri, abin da ya ƙara kashe ni da kunya ke nan.

Da maigidan ya dawo ya ji, ya daɗe tsaye a zaure kafin ya iya shigowa ya yi mata gaisuwa. Bayan la'asar ya kira liman. Liman ya zauna a zaure, mu muna daga ciki bakin ƙofa. Ya yi addu'a, ya gaya mata yadda aka yi wa mijinta wanka da sallah, da yawan mutanen da suka raka shi. Ta yi godiya. Sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, takaba fa? Yau zan hwara, ko sai na koma gida?"

Liman ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, takaba daga ranar rasuwa ake lissafinta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Taki ta riga ta wuce tun bara. Ba komai a kanki. Ko gobe kika sami miji, halal ne."

Shi a ganinsa albishir ya yi mata, kuma abin da ta zo nema ke nan, ta san matsayinta. Amma ina kusa da ita, na ga yadda ta yi. Ta sunkuyar da kai tana lissafi da yatsu, daga kaka zuwa tsakiyar rani. Sai ta ce a hankali, ni kaɗai na ji, "Watannin ga ne na hi zaginshi. Na sa lalle, na tahi buki, na yi rawa, don kada a ce na damu. Na ce ma ɗiyanshi ubanku ya ci shinkahwar Najeriya ya manta ku."

Bayan liman ya tafi ta cire 'yan kunnenta ta ɗaure a bakin zane. Ta roƙe ni ruwa ta wanke kwallin idonta. Na ce mata ai Malam ya ce ba sai ta yi ba. Ta ce ta ji. Kwana uku ta yi a ɗakina ba ta leƙa ko tsakar gida ba sai don alwala, matan unguwa suna shigowa suna yi mata gaisuwa. Da yawansu ɗan Faransan ya taɓa yi wa mazansu aiki, kuma a bakinta suka fara jin sunansa na gaskiya.

A cikin kwanakin sau ɗaya ta tambaye ni ko ya bar mata saƙo. Na ce bai bari ba. Ta ce, "Hwarat ɗaya ya tahi ke nan?" Na so in ce e. Na ce mata a'a, ya kwana biyu yana magana, mu ne muka yi ta ce masa jiki ya yi kyau. Ta gyaɗa kai, don su ma haka suke yi a garinsu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da za ta koma maigidan ya haɗa mata hakkin mijinta da buhun gero, ya samo mai babur da zai kai ta Batsari. Ni kuma na ce ta tsaya a kasuwa a saya wa yara takalman da ubansu bai saya ba, na miƙa mata karan. Ta mayar mini da su.

"Riƙe abinki, Yaya. Duk sun wuce wanga awo."

A zaure ta tsaya ta ɗauki doguwar hauyar, ta duba bakinta, ta ga ya ci ƙasa fiye da yadda ta san shi. Ta saɓa ta a kafaɗa, sannan ta juyo.

"Babban ya isa riƙe ta. Gonarmu ba ta ci da mu, kun sani. Baɗi da kaka in Allah ya kai mu zan turo muku shi." Ta gyara ƙullin kanta. "Shi dai, don Allah, ku tambaye shi garinsu."